Ta Wace Ƙofa Amiloid Ke Yi Wa Ƙwaƙwalwa Illa?

A watan Disamba na 1995, likita Konrad Maurer da abokan aikinsa suna tonon tsofaffin takardu a ɗakin ajiya na asibitin jami'ar Frankfurt, a Jamus, sai suka ci karo da wani fayil mai shuɗin bango wanda aka yi shekara da shekaru ana nema. Shafi 32 ne, wasu da rubutun hannun Alois Alzheimer kansa. Fayil ɗin na wata mata ce, Auguste Deter, wadda mijinta ya kai asibitin masu taɓin hankali ranar 25 ga Nuwamba, 1901, tana da shekara 51, bayan ta fara mantuwa, da zargin mutane, da jan kayan ɗaki daga nan zuwa can ba gaira ba dalili.

Washegari Alzheimer ya zauna ya yi mata tambayoyi, yana rubuta amsarta yadda ta faɗa. Ya tambaye ta sunanta, ta ce Auguste. Sunan danginta fa? Auguste. To, na maigidanta? Ta ce tana jin Auguste ne. Aka kawo abincin rana, naman alade da farin kabeji, ya ce mata me take ci, ta ce alayyafo. Ya miƙa mata alƙalami ta rubuta sunanta, ta fara, sauran ya kuɓuce mata, sai ta ce masa ita kam ta ɓace wa kanta. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da muke cewa gigin tsufa ya kama, ya san wannan hali, ya kuma san ciwon da yake sa wa a zuciyar mai jinya.

Auguste ta rasu ranar 8 ga Afrilu, 1906. A lokacin Alzheimer ya koma Munich, aka aika masa da ƙwaƙwalwarta. Ya yanka ta siri-siri, ya sa mata rinin azurfa, ya duba a na'urar hangen ƙananan halittu. Abu biyu ya gani. A tsakanin ƙwayoyin jijiya akwai tulin wani abu mai danƙo, barbaje ko'ina. A cikin ƙwayoyin kuwa akwai wani cukurkuɗaɗɗen zare, wasu ƙwayoyin ma sun mutu sun bar zaren kaɗai. A watan Nuwamba na shekarar ya gabatar da abin da ya gani a taron likitoci a Tübingen, babu wanda ya yi masa tambaya ko ɗaya. A 1910 maigidansa, Emil Kraepelin, ya sa wa cutar sunansa.

To, tun daga wannan rana aka bar wa duniya wani ƙulli. Tulin yana waje. Zaren yana ciki, mutuwar ma daga ciki take. Ta yaya abin da ke bayan fatar ƙwaya yake kashe ta? Ta ina saƙon ɓarnar ke shiga? Yau sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa a duniya, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuma cutar Alzheimer ce, amma har yanzu wannan tambaya ba ta gama samun amsa ba.

An kusan shekara tamanin kafin a san ko mene ne tulin. A 1984 George Glenner da Caine Wong, a San Diego ta Amurka, suka tace shi daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar mamata, suka ga ashe wani ɗan guntun furotin ne, wanda a yau ake kira amiloid-bita. Tsawonsa amino asid 40 ko 42 kacal, mai 42 ɗin shi ya fi saurin cuɗewa. A 1987 aka gano cewa daga jikin wani babban furotin mai suna APP ake yanko shi, ƙwayar gadon APP ɗin kuma tana kan kuromosom na 21. Nan take wani abu ya fito fili: masu larurar Down, waɗanda aka haifa da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, kusan dukkansu sukan tara amiloid kafin su wuce shekara 40. A 1991 ayarin John Hardy a Landan suka sami tangarɗa a ƙwayar gadon APP a wani dangi da cutar ke bi tun suna da sauran ƙarfi. A 1995 aka sami wasu tangarɗun a furotin firisanilin, wanda daga baya aka gane yana cikin masu yanko amiloid. Sai kuma a 2012 masanan ƙasar Aisland suka zo da hujja ta ɗaya ɓangaren: wani sauyi a APP da ke rage yankan amiloid da kusan kashi 40 cikin ɗari a ɗakin gwaji, masu ɗauke da shi kuma ba kasafai cutar ke kama su ba. Ni dai ban ga yadda mai adalci zai karanta waɗannan ya wanke amiloid ba. Idan ya yi yawa cuta ta zo da wuri, idan ya ragu an samu kariya.

Amma tulin da Alzheimer ya gani ya ƙi ya amsa laifin yadda ake so. A 1986 David Snowdon ya fara bibiyar wasu tsofaffin mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika a Amurka, har adadinsu ya kai 678. Suka yarda a riƙa gwada tunaninsu, suka kuma ba da ƙwaƙwalwarsu bayan rai ya yi halinsa. Ɗaya daga cikinsu, Sista Mary, ta rasu tana da shekara 101, hankalinta garau, tana cin gwajin tunani da maki mai kyau har kusan ƙarshe. Da aka buɗe ƙwaƙwalwarta, sai ga tuli da zare birjik. Daga baya wata hujjar ta zo ta hanyar da ta fi ciwo. Kamfanin Elan ya ƙera allurar rigakafi mai suna AN1792 don jiki ya share amiloid da kansa. A 2002 aka dakatar da gwajin saboda kimanin kashi 6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa sun sami kumburin ƙwaƙwalwa. Masu bincike a Ingila suka ci gaba da bin waɗanda suka fara karɓar allurar. A 2008 suka ba da rahoton mutum takwas da aka duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa: bakwai sun kai ƙarshen cutar kafin su cika, har da biyu da aka share musu tulin kusan tas.

Tun 1991 Robert Terry ya nuna inda ya kamata a sa ido. Abin da ya fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da lalacewar tunani shi ne asarar mahaɗar jijiyoyi, wato ɗan gurbin da reshen wata ƙwaya ke miƙa wa wata saƙo. Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace da dubban irin waɗannan mahaɗu. A wurin, ƙwaya ɗaya takan saki sinadari, mafi yawa gulutamet, ɗayar kuma tana da wasu furotin a fatarta da ke cafke shi su isar da labari ciki. Waɗannan furotin su ne makarɓa. Duk abin da ɗan Adam ya koya, daga hanyar gidansu zuwa sunan 'ya'yansa, a ƙarfin waɗannan mahaɗu yake zaune. Ana ma iya auna hakan a kan tebur: a yanko siririn ɓangaren ƙwaƙwalwar ɓera da ke riƙe sabon tunani, a ajiye shi cikin ruwan gishiri mai iskar shaƙa, a taɓa shi da wutar lantarki a jere cikin sauri, sai amsar mahaɗun ta ƙaru, ta kuma zauna a ƙaruwar na tsawon sa'o'i.

A tsakiyar shekarun 1990 wani abin mamaki ya faru a ɗakin gwajin Caleb Finch a Kalifoniya. Sun haɗa amiloid da wani furotin mai suna kulastarin, wanda ke hana shi zama dogon zare. Ana zaton dafinsa zai ragu, sai ya ƙaru. William Klein na jami'ar Northwestern da abokansa suka bi sawu, a 1998 suka bayyana cewa akwai wasu ƙananan gudaji na amiloid, 'yan ƙwayoyi kaɗan manne da juna, masu narkewa suna yawo cikin ruwan ƙwaƙwalwa. Ana kiran su oligoma. Ɗan kaɗan daga cikinsu ya isa ya hana mahaɗu wancan ƙarin ƙarfi tun kafin ƙwaya ko ɗaya ta mutu. A 2002 Dominic Walsh da Dennis Selkoe na Harvard suka nuna haka a ƙwaƙwalwar rayayyun ɓeraye, a 2008 kuma aka maimaita da gudajin da aka tato daga ƙwaƙwalwar mutanen da cutar ta kashe.

A cikin wannan takarda ta 1998 akwai alamu biyu da sai daga baya aka gane nauyinsu. Na farko, idan aka wanke fatar ƙwaya da sinadarin da ke gutsure furotin, gudajin ba sa iya manne mata. Ke nan wani furotin suke kamawa. Na biyu, ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka cire wa wani furotin na cikin ƙwaya mai suna Fyn ba ta mutu ba ko da an zuba mata gudajin. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Amiloid na da mai buɗe masa ƙofa, kuma ɗan gida ne.

Wajibi ne a faɗi wani tabo da ya sami wannan fage, don kada mai karatu ya ji shi a wani wuri ya ɗauka duk aikin ya rushe. A 2006 wata takarda daga jami'ar Minnesota ta yi iƙirarin gano wani nau'in gudaji guda ɗaya da ke lalata tunanin ɓeraye. A 2022 mujallar Science ta fallasa alamun an taɓa hotunan da ke cikinta, a 2024 aka janye ta. Abin takaici ne ƙwarai, ganin irin kuɗi da shekarun matasan masana da suka tafi wajen bin wannan sawu. Sai dai hujjar gudaji ta girmi wannan takarda, kuma daga ɗakunan gwaji daban-daban ta fito.

Neman makarɓin ya daɗe da farawa. A 1996 masanan jami'ar Columbia suka nuna wani mai suna RAGE, wanda ke hura wutar kumburi, yake kuma shigo da amiloid daga jini. A 1997 aka ambaci p75, a 2000 aka ambaci ɗaya daga cikin makarɓan nikotin. Duk waɗannan an fara ne da zargi, sannan aka je neman hujja. Abin da Juha Laurén da Stephen Strittmatter suka yi a jami'ar Yale ya sha bamban, shi ya sa nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Ba su zargi kowa ba. Sun ɗauki ƙwayoyin ƙodar biri da ake renonsu a faranti, waɗanda gudajin amiloid ba ya manne musu. Suka riƙa cusa musu ƙwayoyin gado daga ƙwaƙwalwar ɓera, har guda 225,000, kowace tana sa ƙwayar birin ta fitar da wani furotin na ƙwaƙwalwa. Sannan suka zuba gudajin da aka yi wa alama, suka duba inda zai maƙale. Sau biyu ya maƙale, kuma duka biyun furotin ɗaya ne. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2009, ya kuma girgiza mutane, domin furotin ɗin sananne ne: firayon.

Shi ne wanda idan ya lanƙwashe ba daidai ba yake haddasa cutar haukan shanu da ta addabi Birtaniya, da cutar Creutzfeldt-Jakob a jikin mutane, wanda Stanley Prusiner ya ci kyautar Nobel a kansa a 1997. Amma a nan lafiyayyensa ake magana, wanda ni da kai muke ɗauke da shi a fatar ƙwayoyin jijiyarmu. Ƙwayar amiloid guda ɗaya ba ta dame shi ba, gudajin yake riƙewa, riƙo mai tsanani, ta wani ɗan yanki na jikinsa tsakanin amino asid na 95 da na 110. Da aka zuba gudajin a kan ƙwaƙwalwar ɓerayen da ba su da firayon, mahaɗunsu suka ci gaba da ƙara ƙarfi kamar ba a zuba komai ba. Sai dai akwai wani adadi a takardar da bai kamata a tsallake ba: rashin firayon rabin mannewar kawai ya rage. Sauran rabin yana kama wani abu daban.

Saura ƙulli ɗaya. Firayon a bayan fata yake rataye, bai ratsa zuwa ciki ba, Fyn kuma yana ciki. Dole akwai ɗan aike. A 2012 ayarin Yale suka nuna cewa riƙon da firayon ke yi wa gudaji yana tayar da Fyn, a 2013 kuma suka gano ɗan aiken: wani makarɓin gulutamet mai suna mGluR5, wanda ya ratsa fatar daga waje zuwa ciki. Idan Fyn ya tashi, yakan taɓa wani makarɓin, NMDA, wanda ke buɗe wa kalsiyam hanya, sai lissafin mahaɗa ya rikice, ƙananan rassan da ke karɓar saƙo su fara zubewa. Can a Sydney ta Ostareliya kuma, a 2010, Lars Ittner da Jürgen Götz sun riga sun nuna cewa wanda ke raka Fyn zuwa bakin mahaɗa shi ne tau, furotin ɗin da ke zama cukurkuɗaɗɗen zaren nan na cikin ƙwaya. Ɓerayen da aka rage wa tau, amiloid ba ya yi musu illa sosai. Karo na farko ke nan da aka iya bin sawu da suna, daga abin da Alzheimer ya gani a waje zuwa abin da ya gani a ciki.

Ba a bar wannan bayani ya sha iska ba. A 2010 kaɗai, ɗakunan gwaji uku, na Adriano Aguzzi a Zurich, da na Roberto Malinow a San Diego, da wani a Milan, suka ce sun gwada, amiloid ya yi ɓarnarsa ko babu firayon. A 2011 wasu a Dublin da Landan, da suka yi amfani da gudajin ƙwaƙwalwar mutane, suka ce su kam sun ga firayon na da hannu. Ana cikin haka sunaye suka yi ta ƙaruwa. A 2011 ayarin Lennart Mucke suka kawo EphB2. A 2013 Carla Shatz ta jami'ar Stanford ta kawo LilrB2, wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne datse mahaɗun da ba a bukata. A shekarar kuma aka tabbatar cewa wata tangarɗa a TREM2, makarɓin da ke jikin ƙwayoyin share-share na ƙwaƙwalwa, tana ninka haɗarin cutar kusan sau uku, daga baya aka ga shi ma yana kama gudajin. Jerin ya haura goma sha biyar.

Me ya kawo wannan cunkoso? A ganina dalili biyu ne. Amiloid tamkar ƙarangiya yake: wanda ya ratsa gona ya fito da ita a riga da wando da jelar akuyarsa, ba zai ce rigar don ƙarangiya aka ɗinka ta ba. Mannewa daban, isar da saƙo daban, kuma takardu da yawa sun tsaya ne a mannewa. Dalili na biyu, abin da kowane ɗakin gwaji ke kira gudaji ba ɗaya ba ne. Wani ya haɗa nasa a kwalba cikin sanyi, wani ya tato daga ɓera, wani daga gawa, girmansu da surarsu sun bambanta, kuma sukan sauya kafin a gama auna su. A 2019 ayarin Strittmatter suka jera makarɓa 15 da aka ambata, suka yi musu awo da mudu ɗaya. Uku ne suka riƙe gudajin da ƙarfi: firayon a gaba, sai NgR1 da LilrB2. Aiki ne mai tsafta, amma mai karatu ya riƙe cewa waɗanda suka yi awon su ne suka gano firayon tun farko. Rikicin bai tsaya a cutar Alzheimer ba. A cutar Parkinson, mai sa karkarwa, masanan Johns Hopkins sun ce a 2016 furotin alfa-sinukilin ta wani makarɓi mai suna LAG3 yake shiga ƙwayoyin jijiya, a 2021 ayarin Aguzzi suka ce ba su ma sami LAG3 a waɗannan ƙwayoyin ba.

Alƙalin irin wannan gardama shi ne majinyaci, hukuncinsa kuwa ya yi tsauri. Azeliragon, mai toshe RAGE, ya faɗi a babban gwaji a 2018. Encenicline, mai taɓa makarɓin nikotin, an tsayar da gwajinsa a 2015 saboda illar da ya yi wa cikin wasu. Saracatinib maganin daji ne na kamfanin AstraZeneca da ke danne Fyn, ya dawo wa tsofaffin ɓeraye da tunaninsu, amma da aka gwada shi a kan mutum 159 na tsawon shekara guda, rahoton 2019 bai nuna amfani ba, wasu ma gudawa ta sa sun daina sha. AL002, mai zaburar da TREM2, ya faɗi a ƙarshen 2024. Waɗanda suka nemi hana yanko amiloid ɗin tun daga tushe su ma ba su tsira ba: semagacestat a 2010 ƙara dagula tunanin majinyata ya yi, saboda furotin ɗin da ya toshe yana da wasu ayyukan da jiki ba zai iya rabuwa da su ba. Wannan ita ce matsalar taɓa ɗan gida. Fyn da mGluR5 da NMDA duk ma'aikatan koyo da tunani ne. Memantine, wanda Amurka ta amince da shi a 2003, yana ɗan sassauta NMDA, yana rage wa wasu alamun cutar, amma ba ya tsayar da ita.

Abin da ya fara motsa cutar ko da kaɗan ne, gudajin ya nufa kai tsaye. Lars Lannfelt na Suwidin ya binciki wani dangi daga arewacin ƙasar, a 2001 ya ba da rahoton cewa amiloid ɗinsu bai fi na kowa yawa ba, saurin zama manyan gudaji masu narkewa kawai yake yi. Daga nan aka ƙera lecanemab, furotin garkuwa da ke farautar irin waɗannan gudaji. An gwada shi a kan mutum 1,795 na wata 18, ana ƙara musu shi ta jijiya duk mako biyu. Ya rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin ɗari, wato tazarar maki 0.45 a ma'auni mai maki 18. Kusan kashi 13 cikin ɗari sun sami kumburi a ƙwaƙwalwa. Amurka ta ba shi cikakkiyar amincewa a Yulin 2023, a kan dala 26,500 a shekara, donanemab ya biyo baya a 2024. A Ingila hukumar da ke tantance magungunan da gwamnati za ta saya ta ce amfanin bai kai kuɗin ba. Ina ganin nasara ce ta ilimi, domin ta tabbatar da hannun amiloid a jikin mutum. Amma an share amiloid sosai, cutar ta rage gudu ne kawai. Ke nan idan ya riga ya tayar da abin da ke ciki, abin kan ci gaba da tafiya da ƙafarsa.

Hujjar da ta fi ratsa ni ba daga faranti ko ɓera ta fito ba. A yankin Antioquia na ƙasar Kolambiya akwai wani babban dangi, mutum kusan 6,000, wanda likita Francisco Lopera ya shafe kusan shekara arba'in yana bi ƙauye-ƙauye yana rubuta asalinsu, har ya rasu a 2024. Sama da dubu daga cikinsu na ɗauke da tangarɗar firisanilin. Wanda ya gaje ta yakan fara mantuwa wajen shekara 44, kafin 50 ta kwantar da shi. A 2019 aka ba da labarin wata mata a dangin da ta gaji tangarɗar, amma ta haura shekara 70 kafin tunaninta ya fara rauni. Hoton ƙwaƙwalwarta ya nuna amiloid fiye da na 'yan'uwanta da cutar ta kayar, tau kuwa ɗan kaɗan. An same ta da wani sauyi da ba kasafai ake gani ba a furotin APOE, ta gado shi ta uwa da uba, sauyin da ke raunana yadda APOE ke kama wasu sinadarai masu sukari a fatar ƙwaya, waɗanda ake zargin tau na bi ta kansu ya yaɗu. A 2023 aka sami na biyu, namiji, wanda ya kai shekara 67 lafiya lau. Nasa sauyin a furotin rilin yake, kuma rilin da APOE makarɓa ɗaya suke kamawa, saƙon rilin kuwa rage lalacewar tau yake yi. Mutum biyu, amiloid ya cika musu kai, amma wani abu a bakin fatar ƙwaya ya hana saƙon wucewa har na shekara ashirin zuwa talatin.

Ga inda na tsaya. Amiloid ne ke tayar da fitinar, ƙananan gudajinsa sun fi tulin dafi, kuma ɓarnar ta hannun furotin ɗin ƙwayar kanta take bi. Ban yarda akwai makarɓi guda tilo da za a toshe a huta ba, rabin mannewar nan da ya rage a gwajin Yale ya isa shaida. Amma cikin duk hanyoyin da aka ambata, ta firayon zuwa mGluR5 zuwa Fyn da tau ita ce aka fi bin sawunta gaba da baya, kuma faɗuwar saracatinib ba ta kashe ta ba, domin danne Fyn a duk jiki aiki ne na gayya. Akwai wani magani, ALX-001, da aka ƙera don ya raba mGluR5 da firayon kawai, ya bar gulutamet ya yi aikinsa. A 2022 an nuna ya dawo da mahaɗu a ƙwaƙwalwar tsofaffin ɓeraye, an kuma fara gwajin farko a jikin mutane. Strittmatter na cikin waɗanda suka kafa kamfanin da ke da shi, don haka sakamakon majinyata za a jira, ba maganar mai kaya ba.

Mu ma muna da ruwa a wannan bincike. Daga 1992 Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi na Ibadan, tare da Hugh Hendrie na Indiana, suka kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis. Rahotonsu na 2001 ya nuna cutar Alzheimer na kama kashi 1.15 cikin ɗari a shekara a Ibadan, a can kuwa kashi 2.52. Nau'in APOE4, wanda tun 1993 aka san shi ne babban haɗarin gado a wurin Turawa, a Ibadan tasirinsa ya yi rauni ƙwarai, da farko ma ba a ga alamarsa ba. Wani nau'i daban na APOE ɗin nan dai shi ne wanda ya kare matar Kolambiya. Ita kuwa an same ta ne don wani likita ya ɗauki tarihin dangi da muhimmanci, ya rubuta, ya adana jini. Yanzu da aka sami gwajin jini mai nuna alamar tau da amiloid, wanda Amurka ta amince da na farkonsa a 2025, ba sai an taɓa gawar kowa ba kafin a yi irin wannan aiki. Kirana ga asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai shi ne su buɗe rajistar tsofaffi masu mantuwa da danginsu, su nemi shiga ayarin da Ibadan ta fara. Ku kuma masu tsoho a gida da ya fara ɓata hanya ko manta sunan jikoki, ku kai shi likita ya duba, in an nemi tarihin dangi ko ɗan jini don bincike, ku bayar.